Wayar da ta Tsallaka Katanga

"Tela! Tela! Ajiye almakashin nan ki zo, abin nan ya fara kuka!"

Goggo ce take ƙwala mini kira daga tsakar gida. Na watsar da rigar makarantar da nake yanka na fito da gudu, igiyar awo tana reto a wuyana. Tun kafin in kai ƙofarsu na jiyo shi: tit, tit, tit. Inbata ce, na'urar da ke juya wutar batira zuwa ta gida, take faɗa mana batira sun kusa ƙarewa. Na duba agogo. Ƙarfe ɗaya saura kwata.

"Ai shida ya ce," na faɗa.

"Shi ya ce shida. Inbata kuma ta ce ɗaya. Je ki raba su."

Mijinta, wanda duk layinmu ke kira Baba Waya, ya yi shekara arba'in yana kula da ɗakunan batir na manyan ma'aikatu. Da ya ajiye aiki sai ya jera manyan batira huɗu a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, ya ja wa kowane ɗan haya ƙwai ɗaya da fanka ɗaya. Yanzu huhunsa ya gama aiki. Likitoci sun sallamo shi gida da injin da ke tace masa iska, suka ce a kula da shi kawai. Injin nan kuwa wuta yake ci, ba ya hutawa. Da asubar ranar taransifomar unguwa ta yi bindiga. Janaretan mai aski, shi kaɗai ne a layin, ya riga ya ƙona mana injin farko a makon jiya, don haka ba mai ko ambatonsa. Baba ya yi lissafi a kwance ya ce in kowa ya kashe komai, batira za su riƙe injin har ƙarfe shida. 'Yarsa guda, Malama, tana kan hanya tun safe da tukunyar iska a bayan mota, ta ce biyar ta yi mata a gida.

Na shiga ɗakin. Yana jingine da filo uku, siririyar roba a hancinsa, idonsa tar. Mutumin da numfashinsa ke rataye da wannan kuka, shi kaɗai ne bai firgita ba.

"Tela," ya ce. Kalma biyu uku yake yi ya huta. "Kin iya... karanta awo?"

"Na mutane, Baba."

"Duk ɗaya ne. Ɗauko mita. Mai jan baki."

Tagar ɗakinsa tana kallon ɗakin batir, taku huɗu tsakani. Muryarsa ba ta kaiwa, sai Goggo ta tsaya a jikin tagar tana miƙo mini maganarsa, tana ƙara nata a kai.

"Ya ce ki cire zobe da awarwaro, kada ki soye mana a nan! Ya ce ki taɓa kan kowane batir da bayan hannu, ki ji ko akwai mai zafi."

Na taɓa kawunan duk takwas, biyu biyu a kowane batir. Babu mai zafi.

"Ya ce ki auna su ɗaya ɗaya. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ba irin haɗin kalar da kika yi mini a zanen nan ba."

Na auna. Na farko sha ɗaya da ɗigo huɗu. Na biyu haka. Na uku da na huɗu ma haka, kamar an yanka su da awo ɗaya. Na faɗa da ƙarfi. Na yi zaton zai ji daɗi. Can Goggo ta juyo.

"Ya ce da ɗaya ne ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa, da shi ne mara lafiya. Tunda duk sun gaji tare, lafiyarsu lau, aiki ne ya yi musu yawa. Ya ce ki buɗe bakin mitar ki maƙala a jikin jar waya mai kauri."

Na maƙala. "Ashirin da bakwai!"

Wannan karon da kunnena na ji shi, don ya tattara ƙarfinsa duka. "Injina... sha bakwai yake ci. Wani na cin goma."

Goggo ba ta jira ƙarin bayani ba. Ta ɗaure ɗankwali ta bi ɗakuna kamar 'yar sanda. Ta faɗa ɗakin mai shayi, wanda ya dawo barcin rana, ta ɗaga masa katifa tana neman hita. Ta sa amaryar ɗakin sama ta rantse ba ta jona abin busar da gashi ba. Ni kaina ba ta bar ni ba, sai da ta shiga shagona ta taɓa dutsen guga.

"Goggo, ni da nake riƙe da mita?"

"Ɓarawo ma yana taya nema."

Ta dawo tana haki, hannu wayam. Kowane soket a gidan babu komai a jikinsa. Na sake dubawa. Ashirin da bakwai, ko gezau. Kukan inbata kuwa ya ƙara sauri.

Muka shiga wurinsa mu biyu. Ya kawar da kai yana kallon bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Malam," in ji Goggo a hankali, "shekara talatin da takwas nake kallon fuskar nan. Me ka ɓoye?"

Ya ja iska sau uku. "Bayan allo. Can ƙasa. Akwai makunni... na bakwai."

"Gidan nan ɗaki shida ne."

"Na bakwai... ya tsallaka katanga."

Goggo ta zauna daɓas a bakin gado.

Bayan katangar nan ƙaninsa ne, Direba, uwa ɗaya uba ɗaya. Da gida ɗaya ne. Shekara tara da suka wuce mahaifiyarsu ta rasu Direba yana kan hanya da babbar motarsa, saura tafiyar awa uku. Ya bugo waya ya ce a jira shi. Baba Waya bai jira ba. Direba ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta, washegari ya kira magina suka raba gidan da katanga. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Direba ya zauna a ɓangaren tsohuwar, ya rage tafiye-tafiye, ya koma sayar da ƙanƙara. Kuma duk layin nan babu wanda bai sha labarin soket ɗinsa ba. Wai akwai wani soket a ɗakin mahaifiyarsa da wuta ba ta taɓa ɗaukewa a cikinsa. Yana bugun ƙirji yana cewa layin manya ne aka haɗa da kuskure, albarkar uwa ce ta bi shi.

"Don Inna na ja," in ji Baba. "Ƙwai ɗaya. Tana tsoron duhu. Da ta tafi... ban cire ba."

"Ƙwai ɗaya ne ke cin goma?" Goggo ta miƙe. "Firiza ce! Sabuwar firizar da ya sauke ranar Talata! Kana nan kana kokawa da numfashi, shi yana can yana daskarar da ruwa da shi! Ina filaya?"

"Ba a yanke waya... da wuta a jiki. Tela, makunnin kawai."

Na durƙusa na zura hannu bayan allon katakon da aka kafe makunnai a kai. Ga shi can, ƙarami, ƙura ta rufe shi. Na danna. Mita ta sauko sha bakwai nan take. Amma kukan bai tsaya ba.

"Yanzu za su kai shida?" na tambaya ta taga.

Ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa ɗaya. Awa ɗaya.

Goggo ta kira Malama. Ta ce suna bayan wata tirela da ta faɗi ta tare hanya, ko biyar ɗin ma sai an yi sa'a. Goggo ta ce mata komai lafiya, ta kashe wayar, ta tusa bakin mayafi a baki.

Ina tsaye a ƙofar gida ina tunanin wa ke da mota a kusa, sai ga Direba ya fito daga nasa gidan da singileti, yana faɗa da iska.

"Shekara tara! Shekara tara wutar nan ba ta ko ƙifta ba, sai yau da na cika firiza! Tela, ko kin ga ma'aikatan wuta sun hau falwaya?"

"Ba su hau ba, Baffa. Ni na kashe."

"Ke? Ke a wa?"

"Soket ɗinka daga batiran Baba yake. Shi ya ja wayar, ta cikin rufi. Firizarka ta shanye wutar injin numfashinsa. Saura masa awa ɗaya, Malama kuma tana hanya."

 Ya dubi katangar, ya bi ta da ido har inda ta haɗu da rufin kwano. Sannan ya juyo gare ni.

"Awa nawa ya rage mata?"

"Huɗu. Ko fiye."

"Batiran nasa, ƙarfin nawa ne?"

"Na ji yana cewa ashirin da huɗu."

Ya juya. Ya fizgi baron mai sayar da ruwa da ke jingine a bango, ya nufi bakin titi da gudu, silifas ɗaya a ƙafa. Babbar motarsa tana can a fake, don layinmu ya yi mata ƙunci. Minti ashirin bai cika ba ya dawo yana turo batiranta guda biyu, gumi har gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofarmu kamar an ja masa birki. Goggo ce a tsaye a ciki.

"Sai yau ka gane hanya, mai ƙanƙara?"

"Matsa mini, matar Yaya. Ki zage ni da yamma."

"Zan zage ka kuwa. Shigo da su ta nan, ka kula da tukwanena."

Ya ajiye baron ya tsaya a bakin tagar. Su biyun suka kalli juna. Na jira in ji abin da mutum ke faɗa bayan shekara tara.

"Ka yi ƙiba," in ji Baba.

"Kai kuma ka zama tsinke. Ina zan jona su? A gefen naka?"

"Kul. Nawa sun yunwata. Za su tsotse naka... kafin injin ya samu. Cire nawa. Sa naka."

"In na cire ai injin zai tsaya."

"Zai tsaya."

"Har tsawon wane lokaci za ka iya?"

Baba ya yi tunani kamar ana tambayarsa kuɗin aiki. "Minti huɗu. Na biyar... ban yi alkawari ba."

Daga nan ya koma shugaban aiki, mu kuma leburori. Ya sa muka naɗe sufana da baƙin salatif har wuya, don kada ta haɗa kai biyu ta yi walƙiya. Ya sa Direba ya haɗa batiransa biyu tun kafin a taɓa komai, jan wannan da baƙin wancan. Ya sa Goggo ta kawo ruwan zafi aka zuba a kan farin gishirin da ya cinye noti ɗaya, muka sassauta kowane noti rabin juyi muka bar shi. Sannan ya sa muka gwada aikin da hannu a iska har sau biyu, kamar masu koyon rawa. Kashe inbata. Baƙa ta fara fita, sannan ja. Ja ta fara shiga, sannan baƙa.

"Za ta yi tartsatsi... a ta ƙarshe. Gaisuwa ce. Kada wanda ya saki."

"Yaya, shekara talatin ina canza batir."

"Shi ya sa... motarka ba ta tashi sai da turi."

Goggo ta zauna kusa da shi da agogo a hannu ɗaya, mafici a ɗaya. Ta buɗe ƙofa da taga duka.

"To," in ji Baba.

Na danna makunni. Kukan ya ɗauke, gurnanin injin ya mutu. Gidan ya yi tsit, sai numfashinsa da ke fitowa ta taga kamar ana jan zarto a jikin ɗanyen itace.

Direba ya zare baƙar waya ya miƙo mini na riƙe ta nesa. Ya zare jar.

"Minti ɗaya!" in ji Goggo.

Ya ɗora jar a kan batirinsa, ya ɗaure tam. Ya karɓi baƙar. Ya ɗauko noti zai saka, a daidai lokacin Baba ya sarƙe da tari mai tsawo. Direba ya waiga tagar. Notin ya sulluɓe, ya buga a gefe, ya faɗa cikin siririn tsagin da ke tsakanin tsofaffin batiran.

"Innalillahi!"

"Minti biyu!"

Ya zura yatsa, bai shiga ba. Ya kama batirin zai ja, ko motsi bai yi ba, don Baba ya ɗaure su da ƙarfe a ƙasa. Ya cire noti daga tsohon batir ya gwada, ya yi masa yawa.

"Matsa, Baffa."

A aljihun rigar aikina akwai ɗan maganaɗisun da nake tsince allurai da shi. Na ƙulla shi a bakin igiyar awo na zura cikin tsagin. Ya manne a jikin ƙarfen ɗauri. Na fizgo, na sake zurawa ta tsakiya.

"Minti uku! Malam, dube ni! Dube ni nan!"

Na ji ɗan ƙas. Na jawo a hankali, a hankali, kamar ina zare zare daga siliki. Notin ya fito yana lilo, ƙura da yanar gizo a jikinsa. Direba ya cafke, ya ɗora baƙar waya. Tartsatsi ya tashi fau, bai saki ba. Juyi ɗaya, biyu, uku.

"Kunna!"

Na kunna. Inbata ta yi shiru na daƙiƙa biyu da suka fi mini shekara, sannan koren ƙwanta ya kama. A cikin ɗaki injin ya yi tari ya ɗauki gurnaninsa.

Muka ruga. Leɓɓansa sun yi duhu, idonsa a rufe, Goggo tana ta fifita tana kiran sunan Allah. Ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya buɗe ido ɗaya.

"Nawa?"

"Huɗu da rabi," in ji Goggo tana share hawaye.

"Da a wurin aiki ne... na kore ku."

Direba ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke fuska a famfo.

Bai koma gidansa ba. Ya ja kujera ya zauna a ƙofar ɗakin batir da mita a cinya, duk minti goma sai ya auna ya faɗa da ƙarfi. Tsakani kuma yana kan waya da direbobin da ya sani a hanyar, yana musu ihu. Shi ya samo wanda ya san wata ɓarauniyar hanya ta bayan gonaki, ya sa aka je aka fito da motar Malama daga cunkoson. Matarsa ta leƙo ta ce ƙanƙara tana narkewa, ruwa ya cika ɗaki. Ya ce ta raba wa maƙwabta.

Wajen ƙarfe huɗu na kawo wa Goggo ruwa, na tarar ya koma bakin tagar. Ban yi niyyar saurare ba, amma ɗakin ƙarami ne.

"Ranar Inna," in ji Baba. "Zafi ake. Mutane sun taru. Suka ce... a tafi. Da na ce a'a."

"Bar maganar nan, kana ɓata iska."

"Tawa ce."

"Ba taka ba ce, ta batirina ce. Yi shiru ka jira 'yarka."

Shida saura minti goma aka yi hon a bakin layi. Malama ta shigo da gudu ba takalmi, maza biyu na biye da ita da tukunyar iska. Ta faɗa jikin mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta ya ce ta yi latti, ta ce shi ya koya mata. Sai da ta ɗago ta ga wanda ke kwance robar tukunyar daga leda.

"Baffa?"

"Na'am. Riƙe nan, kada ki tsaya kallona."

Washegari da hantsi aka gyara taransifoma. Baba ya sa aka mayar da batiransa kan caji, ya hana a ƙara musu ruwa sai sun cika, ya sa Malama ta rubuta a takarda ranar da za a sake dubawa. Ya yi kwana uku. Ya ci abinci kaɗan, ya yi faɗa da yawa. Ya gaya wa Direba firiza tana son layinta daban da waya mai kauri, ya zana masa yadda za a ja a bayan kwalin magani.

Ranar ta huɗu da la'asar ina kan keke Goggo ta leƙo shagona. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tela, zo."

Malama tana riƙe da hannunsa na dama, Direba na hagu. An riga an rufe masa ido, an zare robar daga hancinsa an ajiye a kan filo. Injin kuwa yana ta aikinsa a gefen gado, yana hura iska a jikin zanen filon.

"A kashe abin nan," in ji Goggo.

Muka dubi juna. Tunda aka kawo shi gidan ba wanda ya taɓa kashe shi da hannu, ba mu ma san inda makunninsa yake ba. Direba ya durƙusa ya shafa gabansa, ya shafa gefe, ya same shi a baya kusa da ƙasa. Ya ɗora yatsa a kai ya dubi Malama. Ta gyaɗa kai.

Ya danna. 'Yar fankar da ke cikin injin ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, tana rage gudu, har ta tsaya. A tsakar gida wani ya bar famfo bai ƙulle sosai ba, muna jin ruwa yana ɗiga cikin bokiti.